Gudumar maƙeri da gardamar masana kan yadda jiki ke koyon motsi

A shekarar 1922 wani matashin likita, Nikolai Bernstein, ya kama aiki a Cibiyar Nazarin Ƙwadago da ke Mosko. Hukumomin Tarayyar Sobiyet na son sanin yadda ƙwararren ma'aikaci ke sarrafa jikinsa, domin a fitar da hanya ɗaya tak wadda ba ta ɓarnar ƙarfi, a koya wa kowa. Bernstein ya ɗaura ƙananan ƙwayayen lantarki a gaɓoɓin hannun maƙeri da kan gudumarsa, ya sa kyamara tana bin hasken yayin da mutumin ke dukan cizal. Hanyar nan ɗaya da ake nema ba ta samu ba. Kowane duka da irin hanyar da kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu suka bi, amma guduma na sauka inda ake so. Daga nan Bernstein ya ce ƙwarewa maimaici ce ba tare da maimaici ba: abin da gwani ke maimaitawa shi ne warware matsalar, motsin kansa kuwa sabo ne kowane karo.

Wannan magana ta buɗe wata tambaya da har yau ba a rufe ba. Hannun mutum, ban da yatsu, yana iya juyawa ta fuskoki 7: uku a kafaɗa, ɗaya a gwiwar hannu, ɗaya a murɗawar damtse, biyu a wuyan hannu. Don kai ɗan yatsa kan wani ɗigo a sarari, lambobi uku sun isa. Ke nan hanyoyin taɓa hanci da yatsa ba su ƙirguwa. Ƙara da tsokoki sama da 600 a jiki, kowacce da ɗimbin zarurrukan da jijiyoyi ke tayarwa daban-daban. Wa ke zaɓe a cikin wannan tarin, kuma yaya yake gamawa kafin ƙwallo ta wuce?

Amsar da ta yi tashe a Amurka da Birtaniya bayan yaƙin duniya na biyu ta zo ne daga kwamfuta. Aka ce ƙwaƙwalwa na adana shirin kowane motsi kamar kaset, idan lokaci ya yi sai ta kunna, tsokoki su bi. Bai kamata a raina wannan ra'ayi ba, domin yana da hujja. A 1960 Franklin Henry da abokin aikinsa sun nuna cewa idan motsin da mutum zai yi ya fi sarƙaƙiya, yakan ɗan ƙara jinkiri kafin ma ya fara, alamar cewa ana harhaɗa wani abu tun kafin hannu ya ɗaga. An kuma ga cewa idan aka tare hannun mutum ba zato yayin da zai yi motsi mai sauri, tsokokinsa kan ci gaba da karɓar saƙonsu a jere na ɗan lokaci, kamar hannun na tafiya. Matsalar ita ce wurin ajiya da kuma sabon abu. Idan kowane motsi da nasa shiri, ina za a zuba su duka, kuma daga ina wanda ba a taɓa yi ba yake fitowa? Richard Schmidt ya yi gyara a 1975, ya ce shiri ɗaya ne na iyalin motsi guda, sai a sauya masa ƙarfi da sauri. Gyaran ya rage matsalar, amma har yanzu nauyin duka yana kan wani mai ba da umarni da ke zaune cikin kai.

Bernstein ya riga ya ga inda wannan tunani zai yi tuntuɓe. Saƙo iri ɗaya zuwa tsoka ɗaya ba ya haifar da motsi iri ɗaya. Ya danganta da inda hannun yake a lokacin, da saurin da yake kai, da nauyin da ke jansa ƙasa, da yadda motsin wata gaɓa ke fizgar maƙwabciyarta. Tsokar ƙirji da ke janyo hannu ƙasa idan yana gefe tana iya taimakawa wajen ɗaga shi idan ya riga ya haura kafaɗa. Don haka umarnin da aka rubuta tun farko ba zai wadatar ba. Abin da ya ba da shawara shi ne jiki na ɗaure gaɓoɓi da tsokoki masu yawa su zama ƙungiya ɗaya ta wucin gadi domin aiki ɗaya, kowane ɗan ƙungiya yana rufe kuskuren ɗan'uwansa ba tare da jiran izini daga sama ba.

Gwajin da ya fi burge ni a kan haka a baki aka yi shi. A 1984 Scott Kelso da abokan aikinsa sun sa wata na'ura ta riƙa jan muƙamuƙin mai magana ƙasa ba zato, daidai lokacin da yake ɗaga shi don furta baƙin ƙarshen kalma. Idan baƙin "b" ne, wanda sai leɓɓa sun haɗu, leɓɓan kan ƙara himma nan take su cike giɓin. Idan "z" ne, harshe ne ke ƙara aiki. Gyaran na zuwa da saurin da ya fi ƙarfin tunani, amma kuma yana bin ma'anar aikin da ake yi. Tsohon rabon da ake yi tsakanin motsin da ke faruwa da kansa da wanda aka yi niyya bai da wurin ajiye irin wannan.

Haka Bernstein ya kalli koyo. Sabon shiga yakan sandare gaɓoɓinsa don ya rage abin da zai kula da shi, shi ya sa mai koyon keke ke riƙe kan keken kamar za a ƙwace masa. Sannu a hankali yana sakin su ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe sai ya daina faɗa da nauyi da fizgar jiki, ya mayar da su masu yi masa aiki. Binciken da Beatrix Vereijken da abokanta suka wallafa a 1992, a kan masu koyon lilo bisa na'urar kwaikwayon gudun ƙanƙara, ya ga wannan saki na gaɓoɓi. Wasu binciken a wasu ayyukan sun ga akasin haka, don haka ni ban ɗauki matakan uku a matsayin doka ba. A gefe guda, shi kansa Bernstein bai ci ribar tunaninsa ba. Littafinsa na 1947 ya samu lambar yabo ta Stalin, ba a jima ba aka yi masa caa da zargin saɓa wa koyarwar Pavlov, masanin Rasha da hukuma ta ɗauki ra'ayinsa a kan aikin ƙwaƙwalwa, ya rasa ɗakin bincikensa. Ya rasu a 1966, kuma sai a 1967 tarin rubuce-rubucensa ya fito da Ingilishi.

Waɗanda suka ɗauki tutar a Amurka, irin su Michael Turvey da Peter Kugler da Kelso, sun tura maganar gaba. Suka ce tsari na iya fitowa da kansa daga mu'amalar sassa masu yawa, ba sai da mai tsarawa ba. Akwai gwajin da mai karatu zai iya yi yanzu. Miƙe manuniyar hannu biyu a gabanka, ka riƙa kaɗa su tare, dukansu zuwa dama sannan dukansu zuwa hagu. Ƙara sauri a hankali. Akwai inda za ka kai sai ka tarar yatsun sun sauya da kansu, suna haɗuwa a tsakiya suna rabuwa. Idan ka fara da wannan salo na biyu, ko ka ƙara sauri ba za ka koma na farko ba. Kelso ya auna wannan, sannan a 1985 shi da masanin kimiyyar fiziks na Jamus Hermann Haken da Herbert Bunz suka rubuta lissafinsa. Ƙarfin lissafin shi ne ya yi hasashen abin da ba a riga an duba ba: kafin sauyin, daidaiton yatsun zai fara rawa, kuma idan aka ɗan ture yatsa zai daɗe kafin ya dawo kan tsari. Aka duba, aka samu haka. A 1990 aka ga irin wannan sauyi tsakanin mutum biyu da ke zaune suna lilo da ƙafa suna kallon juna. Babu jijiyar da ta haɗa ƙwaƙwalensu, ido kaɗai ne tsakaninsu.

Doki ma haka yake. Hoyt da Taylor sun nuna a 1981 cewa tafiya da sassarfa da sukuwa kowacce tana da saurin da ta fi arhar iskar oksijin, kuma dabbar da aka bari ta zaɓa takan tsaya kusa da wannan sauri a kowane salo.

Inda wannan ra'ayi ya fi girgiza tsohon ilimi shi ne wajen jarirai. Idan aka riƙe sabon haihuwa a tsaye, tafin ƙafarsa na taɓa ƙasa, yakan ɗaga ƙafafu bi da bi kamar mai tafiya. Wajen wata biyu sai abin ya ɓace. Littattafan likitanci sun daɗe suna cewa ƙwaƙwalwa ce ta girma ta danne wannan tsohon motsi. Esther Thelen ta lura cewa jaririn da ya daina takawa a tsaye yana ci gaba da harbin iska idan yana kwance, kuma tsarin motsin iri ɗaya ne. Wace irin dannewa ce ke aiki a tsaye ta huta a kwance? A farkon shekarun 1980 ita da abokan aikinta suka tsoma ƙafafun jarirai cikin ruwa, takawa ta ƙaru. Suka ɗaura ɗan nauyi a ƙafafun waɗanda ke takawa, ta ragu. Bayanin ya zama mai sauƙi har ya ba da kunya: a watannin farko ƙiba na riga ƙarfin tsoka zuwa, ƙafa ta yi wa jariri nauyi. Ba wanda ya ce ƙwaƙwalwa ba ta da hannu a tafiya. Abin da Thelen ta nuna shi ne kitsen cinya ma yana da ƙuri'a.

Reshe na biyu na wannan tunani ya fito ne daga nazarin gani. James Gibson ya yi aiki da rundunar sojan saman Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu, a kan yadda matuƙi ke saukar da jirgi. Ya lura cewa idan mutum na tafiya, duk abin da ke gabansa yana buɗewa yana kwarara daga ɗigo ɗaya, kuma ɗigon nan shi ne inda ya dosa. Ba sai an yi lissafi ba, bayanin yana cikin hasken, muddin mai kallo na motsi. A littafinsa na 1979 ya ce muna gani don mu motsa, muna kuma motsawa don mu gani. Ya ƙara da cewa abin da dabba ke gani a duniya shi ne abin da za ta iya yi da ita: wannan ya hawu, wancan ya ɗauku, nan ya ratsu. William Warren ya gwada hakan a 1984 da matakala. Dogaye da gajeru sun bambanta kan tsayin matakin da suka ce za su iya hawa ba tare da dafawa ba, amma da aka raba tsayin da tsawon ƙafar kowa sai lambar ta zo ɗaya, kusan 0.88. A 1987 ya samu irin haka da ƙofa: mutum kan fara karkata kafaɗa idan faɗin ƙofar ya gaza kusan 1.3 na faɗin kafaɗunsa. Ido da ma'aunin jikin mai shi yake awo.

David Lee na Jami'ar Edinbura ya gina ɗaki wanda bangonsa da rufinsa ke motsi, daɓen kuwa yana nan daram. Da aka tsayar da yara masu tatata a ciki aka ɗan matso da bango, sai suka yi tangaɗi, wasu suka faɗi, alhali ba abin da ya taɓa su. Shi ne kuma ya nuna a 1976 cewa saurin da hoton abu ke girma a ido yana ɗauke da lokacin da ya rage kafin karo, ko ba a san nisa ko saurin abin ba. Ya bi wannan har wajen tsuntsayen teku da ke faɗowa daga sama su naɗe fikafikai dab da ruwa, da 'yan dogon tsalle, waɗanda aka ɗauka sun haddace takunsu amma aka gano suna gyara shi da ido a 'yan takun ƙarshe. Mai cafe ƙwallon da aka buga sama ma ba ya lissafa inda za ta faɗi ya je ya jira. Yana gudu ne ta yadda hawan ƙwallon a idonsa zai tafi bai ɗaya, ƙafafunsa su kai shi wurin tare da ita.

Karl Newell ya tattara duk wannan a 1986 cikin abubuwa uku da ke taƙaita motsi: jikin mai yi, aikin da dokokinsa, da muhallin. Sauya ɗaya, salo ya sauya. Dick Fosbury ya ci zinare a gasar Olamfik ta Meziko a 1968 da tsallen mita 2.24, yana ƙetare sanda da baya. Wannan salo ya yiwu ne bayan katifar soso ta maye gurbin yashi da ɗiɗɗigar katako, domin ba mai hankalin da zai faɗa kan yashi da ƙeya daga wannan tsayi.

To, ina aka tsaya? A ganina waɗannan ra'ayoyi sun yi nasara a kan abu biyu. Sun nuna cewa bambancin da ke tsakanin wannan yi da wancan ba lallai kuskure ba ne, sau da yawa shi ne alamar gwaninta. Sun kuma tilasta wa masu nazarin ƙwaƙwalwa su tuna cewa tana cikin jiki mai nauyi ne, a duniyar da ke cike da bayani. Amma masu tsananin cikinsu, da ke cewa ba a bukatar wani ilimi da aka adana a kai, sun wuce gona da iri. Saƙon jijiya yana cin lokaci. Kafin abin da ido ya gani ya gyara hannu, kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya wuce, ko fiye. Idan ka ɗaga kofi da sauri, yatsunka na ƙara matsewa tare da ƙaruwar nauyin, ba sa jira ya fara zamewa. Wannan hasashe ne. A 1994 Reza Shadmehr da Ferdinando Mussa-Ivaldi sun sa mutane miƙa hannu riƙe da wata na'ura mai ture su gefe. Bayan sun saba har hannun ya miƙe, aka kashe turin ba sanarwa, sai hannun ya karkace zuwa ɗaya gefen. Jiki ya koyi wani abu game da na'urar, ya kuma riƙe shi. 'Yan sama jannatin da aka gwada a kumbon Amurka a 1998 sun riƙa shirya hannu da wuri don cafe ƙwallon da ke saukowa, kamar har yanzu ƙasa na janta tana ƙara mata sauri, alhali idonsu na ganin ba haka ba ne. Idan duk bayanin yana cikin haske, daga ina wannan kuskure ya fito?

Labarin Ian Waterman, ɗan Birtaniya da ciwo ya raba shi da jin taɓi da jin inda gaɓoɓinsa suke daga wuya zuwa ƙasa yana ɗan shekara 19, kowane ɓangare na jansa. Tsokokinsa lafiya lau, amma da farko ko zama bai iya ba, wanda ke nuna motsi ba ya yiwuwa da umarni kaɗai. Daga baya ya koyi tafiya ta hanyar kallon jikinsa da tsara kowane taku da tunani, wanda ke nuna tsarawa daga sama ma aba ce ta gaske. Idan aka kashe fitila, yakan zube. Lissafin da Emanuel Todorov da Michael Jordan suka fitar a 2002 ya ɗauko daga ɓangarorin biyu: ƙwaƙwalwa na hasashe, amma kuskuren da zai ɓata aikin kaɗai take gyarawa, sauran ta ƙyale shi. Wannan amsa ce ga tambayar Bernstein, da kayan aikin abokan hamayyar magadansa.

Gardamar ba ta tsaya a jami'a ba. Masu horar da 'yan wasa da suka karɓi wannan ra'ayi, ƙarƙashin tasirin masana irin su Keith Davids, sun rage yawan "ɗaga gwiwa, juya ƙugu". Suna sauya faɗin fili, ko yawan 'yan wasa, ko girman ƙwallo, su bar ɗan wasa ya nemo mafita. Suna kuma ƙin raba motsi da abin da ke jagorantarsa: an ga masu buga kurket, wasan da ake dukan ƙwallon da aka jefo da sanda, na sauya lokacin motsinsu idan inji ne ke jefo ƙwallo, domin babu hannu da kafaɗar mai jifa da za su karanta. Hujjar tana da ma'ana, kuma ta dace da binciken 1979 na Shea da Morgan, wanda ya nuna cewa cakuɗa ayyuka lokacin atisaye na sa a yi ta kuskure a ranar, amma abin ya fi zama daga baya. Ta dace da abin da Karen Adolph ta ƙirga a 2012, cewa yara 'yan wata 12 zuwa 19 na yin taku sama da 2,300 da faɗuwa 17 a awa ɗaya ta wasa, a kan daɓe iri-iri, ba mai gyara musu salo. Sai dai gwaje-gwajen da suka kwatanta wannan horo da na gargajiya kai tsaye ba su da yawa, galibinsu ƙanana ne kuma na gajeren lokaci. Ƙarar masu tallata shi ta fi shaidar da ke hannu. Kuma akwai ayyukan da barin mutum ya laluba da kansa ganganci ne, kamar ɗaga ƙarfe mai nauyi ko juyi a iska.

A asibiti ma sakamakon gauraye ne. Likitocin fisiyo, masu magani ta hanyar motsa jiki, da yawansu sun bar motsa gaɓar majinyaci ita kaɗai a kan gado, sun koma sa shi ainihin aikin: tashi daga kujera, ɗaukar kofi, hawa matakala. Dabarar Edward Taub ta ɗaure lafiyayyen hannun mai shanyewar ɓarin jiki don a tilasta wa raunanan aiki ta nuna amfani a babban gwajin da aka wallafa a Amurka a 2006, ga waɗanda ke da sauran ɗan motsi a wuyan hannu da yatsu. Aikin Thelen ya kai Dale Ulrich ga ɗora jarirai masu lalurar Down a kan ƙaramin injin tafiya mai bel, kuma a rahotonsa na 2001 sun fara tafiya kusan wata uku kafin takwarorinsu da ba a ɗora ba. Amma da aka gwada injin tafiya mai ɗauke nauyin jiki a kan manya sama da 400 masu shanyewar ɓarin jiki, sakamakon da ya fito a 2011 ya nuna bai fi motsa jiki a gida tare da likitan fisiyo ba. Bayan shekara guda, kusan rabin majinyatan kowane rukuni sun samu ci gaba a tafiyarsu, ko da inji ko babu.